Eli Mecnikof, masanin da ya leƙa cikin hanjin ɗan Adam

An haifi Eli Mecnikof a shekarar 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Karkof, wanda a zamanin yana ƙarƙashin sarkin Rasha, yau kuwa yana cikin ƙasar Ukren. Yaro ne mai kaifin hankali, har karatun jami'a na shekara huɗu ya gama shi cikin biyu. Ya koyar a Odesa, amma ƙuruciyarsa ba ta yi daɗi ba, domin tarin huka ya ɗauke matarsa ta fari a 1873.

A 1882, yana zaune a Mesina, bakin tekun Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin ƴaƴan wata dabbar ruwa mai siffar tauraro. Da gari ya waye ya duba da madubin ƙara girma, sai ya tarar waɗansu ƙwayoyi na jikin dabbar sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya gane aikin fararen ƙwayoyin jininmu, masu haɗiye cuta in ta shigo jiki. Wannan ne ya jawo masa kyautar Nobel ta 1908, wadda suka raba da Bajamushe Paul Ehrlich.

Pasteur ya ba shi ɗakin bincike a cibiyarsa ta Paris a 1888, kuma can ne hankalinsa ya koma kan hanji. Zamanin annobar kwalara ta 1892, ya ɗibi ruwa mai ƙwayar cutar ya sha da gangan, bai ko yi zawo ba. Wani da ya sha bayansa kuwa ya kusa baƙuntar lahira. Ganganci ne, babu shakka, kuma yau ba a yarda da irin wannan gwaji. Amma ya bar masa tambaya: me ya bambanta mutanen biyu? Ya yi zaton ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji ne, waɗansu na tare wa cuta hanya, waɗansu na buɗe mata.

Daga baya ya ƙudurta cewa ruɓar abinci a babban hanji ita ke sa wa jiki guba har ta kawo tsufa. Da ya ji labarin tsawon ran manoman Bulgariya, masu yawan shan madara mai tsami irin kindirmonmu, sai ya ɗora abin a kan ƙwayoyin da ke tsamar da ita. Ya rubuta haka a littafinsa na 1907, shi kansa kuma kullum sai ya sha.

Ya yi kuskure a wurare. Babban hanji, da ya ɗauka kayan banza ne, can ne dubban miliyoyin ƙwayoyi ke narkar da dusar hatsi da ganye wadda cikinmu ya kasa, suna kuma yin bitamin K. Ƙwayoyin kindirmo ma yawanci wucewa suke yi, ba su kafa gida. Sai dai tushen maganarsa ya tabbata. An san yanzu jinjiri yana samun ƙwayoyinsa na fari wajen haihuwa, kuma nonon uwa na ɗauke da wani irin sukari wanda yaro ba ya narkarwa, abincin ƙwayoyi masu amfani ne, irin waɗanda likita Henry Tissier ya gano a kashin jarirai a wannan cibiya ta Pasteur. Wajen shekara uku, hanjin yaro ya kusa zama kamar na babba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, in an sha shi barkatai, yakan share nagari tare da miyagu.

Mecnikof ya so ɗan Adam ya zarce shekara ɗari. Shi dai ciwon zuciya ya kashe shi ranar 15 ga Yuli 1916, yana da shekara 71. An ƙone gawarsa bisa wasiyyarsa, aka ajiye tokar a ɗakin littattafan cibiyar Pasteur.