Eugene Bullard: Matuƙin Jirgin Da Ƙasarsa Ta Ƙi

In ka taɓa shiga gidan tarihin soja na Kumasi, ka ga lambobin yabo a jere cikin gilashi. Yau zan ba ka labarin wani baƙar fata da ya sami irinsu fiye da goma, amma babu ko ɗaya da ta fito daga ƙasar haihuwarsa yana da rai.

An haifi Eugene Bullard a 1895 a garin Kolombus, jihar Jojiya ta Amurka. Mahaifinsa cikin bauta aka haife shi, kuma da ƙyar ya tsira wata rana daga fararen fata da suka nemi ransa. Yaron ya gudu daga gida tun yana ƙarami. A 1912 ya ɓuya cikin jirgin ruwa har Sikotilan, ya yi dambe don ya ci abinci, daga bisani ya zauna a Faris.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914 sai ya shiga rundunar baƙi ta Faransa. A Bardun, cikin Maris 1916, aka yi masa mummunan rauni, aka ba shi lambar Croix de Guerre saboda jaruntaka. Wani da nan zai ajiye bindiga, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Shi kam koyon tuƙin jirgin sama ya tafi. Ya sami takardarsa a Mayu 1917, ya tashi wajen sau 20 zuwa fagen fama. Ka tuna jiragen lokacin na katako ne da yadi, ba laimar dira, in wuta ta kama sai dai wani ya ba da labari.

A shekarar nan Amurka ta shiga yaƙin, ta karɓi 'ya'yanta matuƙa da ke aiki da Faransa. Bullard ma ya nema, aka tsallake shi saboda launin fatarsa. Mu a nan mun san wannan ciwo. Tsofaffin sojojinmu da suka dawo daga Bama sun yi tattaki neman haƙƙinsu a Ankara ran 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe uku, har da Saja Adjetey.

Bullard ya sake ɗaukar bindiga a 1940, aka sake raunata shi, ya koma Amurka. Aikin da ya ƙare da shi a Niyok shi ne hawa da saukar da mutane cikin lifta a ginin Rockefeller. Masu shiga kullum ba su san wa ke danna musu maɓalli ba. Faransa dai ba ta manta ba: a 1959 ta ba shi Légion d'honneur, a 1960 Janar de Gaulle ya rungume shi gaban jama'a a Niyok.

Ciwon daji ya ɗauke shi a Oktoba 1961, aka binne shi a sashen tsofaffin sojojin Faransa na maƙabartar Flushing. Sai a 1994, shekara 33 bayan rasuwarsa, rundunar sojan sama ta Amurka ta ba shi muƙamin laftanar na biyu.