Jon Tindal, mutumin da ya gano ƙura da haske

Mai karatu, ka taɓa lura da hasken rana in ya shigo ɗaki ta hudar ƙofa? Sai ka ga ƙura tana yawo cikinsa. Can gefe, inda duhu yake, ba ka ganin komi, alhali ƙurar tana nan. Wani masani, Jon Tindal, shi ya bi diddigin wannan abu.

An haife shi a 1820 a ƙasar Irlanda. Ubansa ɗan sanda ne, ba mai hali ba. Tindal ya fara da aikin awon ƙasa. Sai da ya kai shekara 28 ya tafi Jamus neman ilimi mai zurfi, da kuɗin guminsa. A 1853 ya zama babban malami a Landan.

A nan ya nuna cewa in haske ya bugi ƙwayar ƙura, warwatsewa yake, wani sashi ya faɗo idonka. Shi ya sa kake ganinta.

To, wajen 1875 ya haɗa wani akwati mai tagar gilashi. Ya shafe cikinsa da wani ruwa mai danƙo, ya rufe. Bayan ƴan kwanaki ƙura duk ta kwanta, ta manne. Da ya haska, babu ko alamar hanyar haske. Sai ya sa dafaffen romon nama a ciki. Romon ya yi watanni bai lalace ba. Wanda ya bari waje kuwa, cikin ƴan kwanaki ya ruɓe. Ka ga ke nan ƙura ba ita kaɗai take tafiya ba, tana ɗauke da ƴan halittu da ido ba ya gani.

Ya rasu a 1893, yana da shekara 73. Matarsa ce ta yi kuskure, ta ba shi maganin barci fiye da kima.

Yau akwai na'urar awon ƙura da ake riƙewa a hannu, mai aiki da wannan ilimi. Tana zuƙo iska, ta haska ta da siririn haske. Wani ido na lantarki yana auna hasken da ya warwatse. In ƙura ta yi yawa, lamba ta hau. Ana kai ta ramin ma'adinai da masana'antar siminti, don ƙura tana cin huhu sannu a hankali. Ana kuma auna hazon hunturu da ita. Amma fa ƙiyasi take yi, ba sikeli ba ce. In akwai laima cikin iska, lambar takan wuce gaskiya.