HOPE WADDELL: MAI SUNAN MAKARANTAR DA BAI TAƁA GANI BA

Gabatarwa

Idan ana lissafa tsofaffin makarantun kwana a Nijeriya, da wuya a kai ƙarshe ba a ambaci Hope Waddell ta garin Kalaba ba. Sai dai da yawa daga cikin masu kiran sunan ba su san cewa mai sunan bai taɓa sa ƙafarsa a harabarta ba. To, wane ne shi, kuma me ya yi har ya cancanci wannan girmamawa?

Haihuwarsa da Zamansa a Jamaika

An haifi Hope Masterton Waddell a ƙasar Ailan a shekarar 1804. Bayan ya yi karatun addinin Kirista a ɗarikar Firesbiteriya, sai aka naɗa shi fasto a 1829, aka tura shi tsibirin Jamaika. A can ya zauna cikin bayin da aka kwaso daga Afirka suna noman rake. Yana nan aka yi babban boren bayi na 1831, yana nan kuma aka kammala 'yanta su a 1838. Daga cikin waɗannan 'yantattun bayi ne aka sami masu sha'awar kai addini da ilmi ƙasar kakanninsu.

Zuwansa Kalaba

A watan Afrilu na 1846 Waddell ya sauka Kalaba tare da 'yar ƙaramar tawaga, cikinsu har da mutanen Jamaika. Sarakunan Efik, wato Eyamba na Biyar da Eyo Honesty na Biyu, attajirai ne masu cinikin manja da Turawa. Saboda haka babban abin da suke buƙata shi ne 'ya'yansu su iya karatu da lissafi. Waddell ya fahimci haka, sai ya fara da buɗe makaranta. Ya kuma duƙufa wajen koyon harshen Efik, har ya wallafa littafin kalmominsa.

Amma ba a nan gwagwarmayar take ba. A wancan zamani idan babban mutum ya mutu, akan kashe bayinsa a binne su tare da shi. Haka aka yi wa mutane masu yawa da Eyamba ya rasu a 1847. Waddell ba shi da soja ba shi da mulki. Abin da yake da shi kawai shi ne harshen mutanen da kuma amincin da ke tsakaninsa da Sarki Eyo. Shi da abokan aikinsa suka yi ta matsa lamba, har ƙungiyar Ekpe, wadda ke riƙe da doka a ƙasar, ta haramta wannan al'ada a 1850. Rashin lafiya ya sa ya bar Kalaba a 1858.

Kafa Makarantar

Shekara 37 bayan tafiyarsa, wato a 1895, cocin Firesbiteriya ta Sikotland ta buɗe makarantar kwana a Kalaba. Mary Slessor na cikin waɗanda suka dage a kan a kafa ta, don matasa su haɗa karatu da sana'a. Ana koyar da kafinta da gini da ƙira da ɗinki da aikin ɗab'i, ana kuma horar da malamai. A watan Afrilu na wannan shekara Waddell ya rasu a birnin Dablin yana da shekara 90, aka bar makarantar da sunansa.

Cikin waɗanda suka yi karatu a nan akwai Dokta Nnamdi Azikiwe, shugaban Nijeriya na farko, da Dokta Akanu Ibiam, wanda ya dawo ya shugabanci makarantar kafin ya zama Gwamnan Jihar Gabas a 1960.

Kammalawa

Waddell bai aza ko tubali ɗaya a ginin ba, amma shi ya share filin. Kafin ya nemi mutanen Kalaba su saurare shi, sai da ya zauna ya koyi harshensu. Wannan abin lura ne gare mu ɗaliban harshe. Wasunmu ba da Hausa suka tashi ba, a aji suka same ta, kuma sukan tambayi kansu amfanin wannan wahala. Tarihin wannan mutum ya nuna cewa da harshen mutane ake shiga zukatansu, har ta kai ga ceton rayuka.