Alfred Nobel da Kyautarsa

Kowace kyauta da ake bayarwa a makaranta tana da wanda ya kafa ta, da kuma abin da ya nufa da ita. Kyautar da ta fi kowace suna a duniya kuwa, wani Bature ne ya kafa ta, ana ce da shi Alfred Nobel.

An haife shi a ƙasar Suwidin cikin 1833. Yana ɗan shekara 9 aka kai shi Rasha wurin ubansa. Can ya yi karatu har ya iya harsuna 5. Da ya girma sai ya shiga sana'ar haɗa abubuwa masu fashewa. Cikin 1864 ma'aikatarsu ta fashe, ƙanensa Emil ya rasu. Nobel bai karaya ba. Cikin 1867 ya ƙago wata irin nakiya wadda ba ta saurin tashi. Da ita aka riƙa fasa duwatsu ana shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa. Ya yi arziki ƙwarai.

Nobel bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Cikin 1895 ya rubuta wasiyya, a juya yawancin dukiyarsa, a riƙa raba ribar kowace shekara ga waɗanda suka fi amfanar 'yan Adam. Ya yanka kyauta 5: biyu na kimiyya, sai ta likitanci, da ta adabi, da ta zaman lafiya.

Ya rasu ran 10 ga Disamba, 1896. Aka fara rabon cikin 1901. Cikin 1986 kyautar adabi ta zo Nijeriya, hannun Wole Soyinka.