Tarihin Ambroise Pare, wanzamin da ya sauya aikin yanke gaɓa

Ambroise Pare, wanda ya rasu a birnin Paris a shekarar 1590, shi ne likitan tiyatar da ya yi fice wajen ɗaure jijiyoyin jini da zare idan an yanke hannu ko ƙafa, maimakon ƙona wurin da jan ƙarfe kamar yadda aka saba a Turai a zamaninsa.

Ya yi wannan aiki ne shekaru da dama kafin likitocin Turai su fahimci yadda jini ke kewaya jikin ɗan Adam.

Duk da haka, abin da ya dage a kansa, wato a tsare jijiya kuma a bar wa dungu isasshiyar tsoka mai rai, shi ne ginshiƙin aikin yanke gaɓa har zuwa yau.

Daga wanzanci zuwa fagen fama

An haifi Pare ne a wajejen shekarar 1510 a ƙauyen Bourg-Hersent da ke kusa da garin Laval a yammacin Faransa.

Bai yi karatun jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen da ake koyar da likitanci da shi a lokacin. Wanzanci ya koya.

Su dai wanzaman Turai na wancan zamani, kamar takwarorinsu na ƙasar Hausa, ba aski kaɗai suke yi ba. Su ke yin ƙaho, su tsaga maruru, su cire haƙori, su kuma ɗaure rauni, yayin da likitocin da suka fito daga jami'a ke ganin taɓa jini ƙasƙanci ne a gare su.

Bayan ya shafe kimanin shekaru uku yana aiki a asibitin Hotel-Dieu na birnin Paris, Pare ya bi rundunar sojan Faransa zuwa arewacin Italiya, inda a shekarar 1537 ya yi karo da abin da ya sauya tunaninsa.

A lokacin an yi imanin cewa albarushi guba ne, saboda haka duk sojan da harsashi ya sama sai an kwarara masa tafasasshen mai a cikin raunin. Haka wani likitan Italiya, Giovanni da Vigo, ya rubuta, haka kuma kowa ke yi.

Wata rana a kusa da birnin Turin man ya ƙare wa Pare saboda yawan masu rauni. Sai ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da wani mai da ake samu daga ƙaron itace, ya shafa wa sauran.

Da gari ya waye ya tarar waɗanda aka shafa wa haɗin sun samu barci, raunukansu kuma ba su kumbura ba, su kuwa waɗanda aka ƙona suna fama da zazzaɓi da raɗaɗi. Daga ranar bai sake zuba wa kowa tafasasshen mai ba, kuma a shekarar 1545 ya wallafa littafi da Faransanci a kan raunin bindiga.

Zare a madadin jan ƙarfe

Babbar matsalar yanke gaɓa ita ce zubar jini. Da zarar wuƙa ta ratsa babbar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, mutum na iya rasuwa cikin 'yan mintoci.

Maganin da aka sani shi ne a ɗora jan ƙarfe a kan dungun. Ƙunar takan toshe jijiyoyin, amma takan kashe tsoka da fatar da ke kewaye. Idan ɓawon ƙunar ya faɗi bayan 'yan kwanaki jini kan sake ɓallewa, sau da yawa kuma a bar ƙashi a fili babu naman da zai rufe shi.

A shekarar 1552, lokacin da sojojin Faransa suka yi wa garin Damvillers ƙawanya, harsashin igwa ya ragargaza ƙafar wani hafsa. Pare ya yanke ƙafar, ya kama bakin jijiyoyin ya ɗaure su da zare, bai kusantar da wuta ba. Hafsan ya warke, ya koma gida da ƙafar katako.

Domin wannan aiki Pare yana amfani da wani hantsaki mai kama da bakin hankaka, wanda da shi ake jawo jijiyar da ta noƙe cikin nama kafin a ɗaure ta. Ya bayyana hanyar dalla-dalla a littafinsa na tiyata na shekarar 1564.

Ɗaure jijiya dai ba shi ya fara ba. Likitocin Girka da Rum sun ambace shi, haka ma Abul Ƙasim al-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu a wajejen shekarar 1013, ya yi bayaninsa a littafinsa al-Tasrif. Abin da Pare ya yi shi ne mayar da shi hanyar da ake bi a kullum wajen yanke gaɓa a fagen daga.

Tsokar da ake bari

Hankalin Pare bai tsaya ga ranar tiyata kawai ba. Ya damu da irin dungun da mutum zai rayu da shi.

Ya umarci ɗalibansa da su ja fata da tsoka sama kafin su yanka, su ɗaure da ƙyalle mai ƙarfi a saman wurin. Ya ce yin hakan na rage zubar jini, yana dakushe zafi, sannan idan an saki, tsokar za ta sauko ta rufe bakin ƙashin kamar matashi.

Ya kuma ba da shawarar cewa idan za a yanke ƙafa, a bar kimanin faɗin yatsu biyar a ƙasan gwiwa, domin mutum ya ji daɗin amfani da ƙafar katako.

Tare da wani maƙerin makullai na birnin Paris, ya tsara hannaye da ƙafafun ƙarfe, ciki har da ƙafa mai gwiwar da ake iya kullewa da buɗewa. Yana kuma cikin na farko da suka rubuta cewa waɗanda aka yanke wa gaɓa kan ci gaba da jin ciwo a gaɓar da babu ita, watanni bayan tiyata.

A shekarar 1553 abokan gaba suka kama shi a garin Hesdin. Ya samu 'yancinsa ne bayan da ya yi wa wani hafsansu maganin tsohon gyambo a ƙafa, wanda ke tare da kumburarriyar jijiya. Cikin abin da ya yi har da naɗe ƙafar da ƙyalle tun daga tafi zuwa gwiwa, hanyar da har yanzu ake bi don taimaka wa jini komawa sama.

Shi kansa ya ɗanɗani irin wannan jarrabawa a shekarar 1561, lokacin da doki ya harbe shi ya karya masa ƙwauri har ƙashi ya huda fata. Irin wannan karaya takan kai ga yanke ƙafa a lokacin, amma ya jagoranci jinyar kansa har ya warke.

Adawa daga jami'a

Pare ya yi wa sarakunan Faransa huɗu aiki: Henri na Biyu, da Francois na Biyu, da Charles na Tara, da kuma Henri na Uku. Sai dai wannan matsayi bai hana malaman likitanci na jami'ar Paris yi masa kallon wanzamin da ya wuce gona da iri ba.

Sun yi ƙoƙarin hana fitar da kundin ayyukansa na shekarar 1575. A shekarar 1580 kuma ɗaya daga cikin manyansu, Etienne Gourmelen, ya soki ɗaure jijiya a rubuce, yana mai kare ƙonawa.

Pare ya mayar da martani a shekarar 1585, inda ya kafa hujja da magabata irin su Galen da Ibn Sina, sannan ya jero labaran mutanen da ya yi wa aikin suka rayu.

Amma masu sukar na da abin kamawa. Ɗaure jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya na cin lokaci, ga shi babu maganin sa barci, zaren kuma yakan shigar da ƙwayoyin cuta cikin rauni. Hanyar ba ta zauna da gindinta ba sai bayan da Jean-Louis Petit ya ƙera maɗaurin da ake murɗawa don tsayar da jini a shekarar 1718, daga bisani kuma Joseph Lister ya ɓullo da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a tiyata a shekarar 1867.

Pare ya rasu ranar 20 ga watan Disamba na shekarar 1590, yana da kimanin shekaru 80. An san shi da danganta warkewar marasa lafiyarsa ga Allah, yana ɗaukar nasa aikin a matsayin ɗaure rauni kawai.

Abin da aka gano bayansa

Sai a shekarar 1628, shekaru 38 bayan rasuwarsa, William Harvey na Ingila ya nuna cewa zuciya ce ke tura jini ya kewaya jiki ya dawo. Kafin nan, a ƙarni na 13, Ibn al-Nafis ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu.

Wannan ilimi ne ya fayyace dalilin da ya sa tsokar da Pare ke ƙoƙarin tsarewa take da muhimmanci.

Tsoka na daga cikin sassan da suka fi jan jini idan mutum na motsi, faɗin jijiya kuma na bin yawan jinin da ke ratsa ta. Idan aka yanke ƙafa, tsokar da ta rage a dungu takan rame saboda ta rasa inda za ta ja. Buƙatarta ta jini sai ta ragu, jijiyar da ke ciyar da ita ta tsuke, dungun ya riƙa yin sanyi, rauni kuma ya daɗe bai warke ba.

Haka nan tsokar sharaɓa ita ke matsa jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya a duk takun da mutum ya yi. Inda aka rasa wannan matsi jini da ruwa kan kwanta, abin da ke haddasa kumburi.

Illar ba ta tsaya a dungu ba. Tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, don haka rasa ta tare da raguwar motsi na ƙara haɗarin ciwon sukari da hawan jini.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 1980 a kan tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna cewa waɗanda aka yanke wa ƙafa daga sama sun fi mutuwa sakamakon cututtukan zuciya, idan aka kwatanta da waɗanda suka ji rauni ba tare da rasa gaɓa ba.

A Jamus kuma, wani binciken na shekarar 1989 ya sami kumburin babbar jijiyar jini ta ciki a jikin kashi 5.8 cikin 100 na tsofaffin sojojin da aka yanke wa ƙafa daga cinya, yayin da adadin ya tsaya a kashi 1.1 ga sauran. Masu binciken sun danganta hakan da karkatar jini zuwa ɓangare guda, kodayake wani binciken da ya biyo baya bai ga irin wannan bambanci ba.

Saboda waɗannan dalilai ne likitocin tiyata a yau ke ƙoƙarin tsirar da gwiwa duk inda ya yiwu, suna kuma ɗinke tsokar da ta rage a jikin ƙashi ko su haɗa ta da 'yar uwarta domin ta ci gaba da aiki. Bayan tiyata akan naɗe dungun, a fara motsa jiki da wuri, a kuma riƙa auna hawan jini da sukarin mai jinyar tsawon rayuwarsa.