Shehu Albiruni, Mai Awon Zinariya da Ruwa

An haifi Abu Raihana Muhammadu ɗan Ahmadu, wanda aka fi sani da Albiruni, a shekara ta 973, watau 362 ta Hijira, a ƙasar Hawarizimu, cikin Uzbekistan ta yau. Tun yana saurayi ya nutsa cikin ilmin lissafi da na taurari. A 1017 Sarki Mahmudu na Gazna ya ci ƙasarsu da yaƙi, ya tafi da shi birninsa. Daga can ya shiga ƙasar Hindu, ya koyi harshen malamansu, ya wallafa littafi bisa addininsu da al'adunsu. A Gazna ya rasu, wajen 1050. Allah ya jiƙansa, amin.

Cikin ayyukansa duka, wanda ya fi kama mini hankali shi ne awon ƙarafa. Ya ƙera wani ɗan tulu mai faɗin gindi da matsattsen wuya, da ɗan bututu a gefe. Sai ya cika shi da ruwa har bakin bututu, ya auna guntun ƙarfe, ya jefa ciki. Ruwan da ya zubo sai ya tare shi, ya auna, sa'an nan ya raba nauyin ƙarfen da nauyin ruwan. Da haka ya gane zinariya ta yi nauyin ruwan da ke daidai girmanta wajen sau 19. Masanan yau, da dukan na'urorinsu, 19.3 suka samu. Jan ƙarfe kuwa bai kai 9 ba.

To, ina amfanin wannan gare mu? A ƙasarmu ta Karaye da Rogo, uwa ta kan yi shekaru tana tari don ta saya wa 'yarta munduwa. In jan ƙarfe ne aka yi wa shafen zinariya, ido ba ya ganewa, kyan ɗan maciji ke nan. Amma lissafi ya kan tona. A ce faɗin fuskar munduwa murabba'in santimita 50 ne, kaurin shafen kuwa kashi 1 cikin 1,000 na santimita. A ninka faɗi da kauri, girman shafen ya zama 0.05. Da yake ruwa mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi giram ɗaya ne, sai a ninka 0.05 da 19.3. Amsa ita ce giram 0.965. Ashe duk ƙyallin nan bai cika giram guda na zinariya ba! In kuwa aka jefa ta cikin tulun Shehu, kusan awon jan ƙarfe za ta nuna.

'Yan'uwana, gobe mu ne malamai. Mu nemi gwangwani da sikeli mu gwada wa yara wannan, don kada a cuci iyayensu a kasuwa. Wassalam.