Joseph Hooker: Likitan da ya bi sawun tsirrai har ƙasar ƙanƙara

A ranar 30 ga Satumba, 1839, jiragen ruwa biyu na sojan Birtaniya, Erebus da Terror, suka bar Ingila ƙarƙashin jagorancin Kyaftin James Clark Ross, suka nufi kudancin duniya. A cikin Erebus akwai wani saurayi ɗan shekara 22, mataimakin likita, mai suna Joseph Dalton Hooker. Aikin da aka ɗauke shi dominsa shi ne duba lafiyar matuƙa, amma hankalinsa yana kan tsirrai.

An haife shi ranar 30 ga Yuni, 1817, a garin Halesworth na Ingila. Gado ya yi, domin mahaifinsa, William Hooker, shehin malamin ilimin tsirrai ne a Jami'ar Glasgow, inda shi ma ɗan ya karanci likitanci ya kammala a shekarar da ya yi wannan tafiya.

Gwargwadon yadda jiragen ke nutsawa kudu, haka tsirrai ke raguwa. Itatuwa suka ƙare, ciyawa ta yi ƙaranci, sai abin da ido ke rainawa: gansakuka a lungun duwatsu, da wani busasshen ɓawo mai launin toka, rawaya ko ja da ke manne wa dutse, wanda Turawa ke kira laikin. A tsibirin Kerguelen, a 1840, Hooker ya samu nau'i 18 na tsirrai masu fure, amma gansakuka da laikin sun ninka su yawa. Sanyi ya kai ga cewa wasu sai da guduma yake ɓamɓaro su, wasu kuma yakan zauna a kansu har ɗumin jikinsa ya narkar da ƙanƙarar da ta riƙe su.

Aikin ya kusa cin ransa. A Janairun 1841, wajen sauka a tsibirin Franklin, ya zame ya faɗa cikin teku mai tsananin sanyi tsakanin kwalekwale da dutse, da ƙyar aka tsamo shi. Bayan shekara biyu, a Janairun 1843, suka sauka a tsibirin Cockburn da ke gefen zirin Antaktika. A nan ya ƙirga nau'in tsirrai 19, babu mai fure ko ɗaya a cikinsu.

Yaya waɗannan halittu ke rayuwa inda komai ya gaza? Amsar ta fara bayyana ne a 1867, lokacin da masanin ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya nuna cewa laikin haɗin gwiwar halittu biyu ne. Ɗaya dangin funfuna ce, wadda ke gina jiki, ta kama dutse, ta riƙe laima. Ɗayar kuma ƙwayar tsiro ce da ke zaune a cikinta tana sarrafa abinci daga hasken rana. Laikin ba shi da saiwa. Daga raɓa da dusar ƙanƙara yake shan ruwa. Idan ruwa ya ɗauke, sai ya bushe ƙayau ya yi likimo, da zarar laima ta sauka kuma ya farfaɗo. Girmansa na tafiyar hawainiya ne, har akwai wuraren da ɗan tabo kamar faɗin tafin hannu ya shekara ɗaruruwa. Sannu a hankali yana marmashe dutse, ƙura ta taru, gansakuka ta samu wurin zama, ƙasar shuka ta fara samuwa. Har yau tsirrai masu fure biyu kacal ne 'yan asalin Antaktika, alhali laikin ya kai ɗaruruwan nau'i.

Ayarin ya koma gida a Satumban 1843. Hooker ya zauna ya tsara abin da ya tara a littafin Flora Antarctica, wanda ya fito tsakanin 1844 da 1847. Tambayar da ta dame shi ita ce yadda tsiro iri ɗaya ke bayyana a tsibirai da dubban mil na teku suka raba. Wannan tambaya ce ta ƙulla abotarsa da Charles Darwin, wanda a Janairun 1844 ya fara asirta masa ra'ayinsa cewa nau'in halittu na iya sauyawa.

Daga 1847 zuwa 1851 yana Indiya da tsaunukan Himalaya, inda hukumomin masarautar Sikkim suka tsare shi na wasu makonni a 1849. A can ƙololuwar tsaunuka ya sake cin karo da irin laikin da ya gani a Cockburn, abin da ya ƙarfafa masa cewa sanyin tsauni da sanyin ƙarshen duniya suna reno iri guda. A shekarar 1849 ɗin ce kuma aka buga Niger Flora, wanda ya ƙunshi bayanin da shi da George Bentham suka yi kan tsirran da Theodor Vogel ya tara a balaguron Kogin Kwara na 1841.

A 1865 ya gaji mahaifinsa a shugabancin Lambun Kew da ke Landan, ya riƙe shi shekara 20. A zamaninsa lambun ya zama hannun daular Birtaniya wajen safarar tsirran kasuwanci. Irin itacen roba da aka kwaso daga Barazil a 1876 a Kew aka tsirar da shi kafin a aika Silon da Malaya, lamarin da daga baya ya karya kasuwar robar Barazil.

Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 1911, yana da shekara 94, kwana huɗu kafin Roald Amundsen ya taka tsakiyar kudancin duniya. An binne shi kusa da mahaifinsa a Kew. Samfuran da ya tara suna nan a ajiye, kuma yanzu da zirin Antaktika ke ƙara ɗumi, gansakuka na mamaye wuraren da ƙanƙara ta janye, irin bayanan da ya fara rubutawa ne ma'aunin da masana ke gwada girman canjin da su.